Na Je Ingila Auna Bakin Igwa

Talata, Kano

Ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba na fito daga gida, alhali jirgina sai ƙarfe ɗaya na rana zai tashi. Shekara talatin da biyar na yi a tasha ina kamasho. Na san yadda ake barin fasinja, don ni ma na bar da yawa, kuma ban yarda a rama a kaina ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ɗanlami. Na ba saba'in baya ko kuma ina dab da ita, ya danganta da wanda ke lissafin. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma sau biyu. 'Yan majalisarmu ta bakin gareji ne suka matsa in rubuta tafiyar nan, wai idan da baki na faɗa ba wanda zai yarda. Suna da gaskiya.

A takarda, zan je Manchester ne ganin 'yata Ummi, wadda likita ce, ta haihu. Amma kafin filin jirgi sai da na biya ta gidan yayata, Yaya Asabe, domin ta aiko cewa kada in kuskura in bar Kano ban gan ta ba. Na same ta a kan dadduma, ta idar da salla. Ba ta amsa gaisuwata duka ba, rabi ta amsa. Haka muke da ita tun rasuwar Baba.

Dole in yi muku bayanin rabin nan.

Babanmu Malam Garba baduku ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu, yana saurayi, jiragen yaƙin Turawa kan sauka a filin Kano su sha mai, su wuce gabas. Baba ya ce shi aka ɗauka yana ɗinka wa bindigoginsu kube. Ya ce ba bindiga ba ce irin ta soja, igwa ce ƙarama a cikin fiffiken jirgi, biyu dama biyu hagu, hancinta kawai ake gani a waje, kuma ita ke ɗura wa kanta harsashi, matuƙi maɓalli kawai yake dannawa. Ya ce idan rairayi ya shige ta sai ta ƙi tashi, shi ya sa ake rufe mata hanci da fatar akuya mai laushi. Har nan mutane na saurare. Inda yake ɓata labarin shi ne ƙarshe: wai ba a cire kuben idan za a yi harbi. Harsashin farko shi ke fasa shi ya wuce, gobe a dawo a ce ya ɗinka wani.

Ina ɗan shekara goma sha biyar na tashi a majalisar ƙofar gida, bayan ya gama labarin, na ɗaga hannu sama ina ɗinki a iska, ina cewa, "Ku matsa, Mai Kuben Sama na aiki, kube ɗaya harbi ɗaya!" Har liman sai da ya riƙe ciki. Sunan ya bi Baba, ya bi gidan. Shi kuwa bai dake ni ba, bai zage ni ba. Labarin ne kawai bai sake bayarwa ba har ya koma ga Allah. Ranar jana'iza wani baƙo ya tsaya a zaure yana tambaya ko nan ne gidan Mai Kuben Sama da aka yi rasuwa. Yaya na bayan ƙofa, ta ji.

To, da asubar nan sai ta ɗaga gefen dadduma ta miƙo mini wata tsohuwar batta. A ciki igiyar fata ce a naɗe, ta yi baƙi don tsufa, da ƙulli uku a jikinta.

"Awon Baba ne," in ji ta. "Daga bakin igiya zuwa ƙullin farko, kewayen bakin igwar. Na biyu, kewayen gindinta wurin da ya fi kauri. Na uku, tsawonta daga baki zuwa fiffike. An ce Turawa ba sa yar da komai. Ka je ka auna."

"Yaya, jariri zan je gani."

"Jariri ba ya gudu. Ka auna, ka zo nan ka faɗa mini abin da ka gani. Ba a waya ba. Kuma abin da ka gani, Ɗanlami, ba abin da ya fi daɗin faɗa ba."

Shekararta ta kusa tamanin, ƙafa ta kumbura, numfashi sai da hutawa. Na sa battar a aljihun gaba na yi mata sallama.

A filin jirgi, wanda shi ne dai filin da Baba ya ce ya yi aiki, na zauna awa shida ina gadin jakata. Wurin bincike wani jami'i ya buɗe battar, ya warware igiyar.

"Baba, laya ce?"

"Awo ne."

"Awon me?"

"Wandon babana."

Ya ɗaga ta sama ya duba tsawonta, ya ce lallai marigayin dogo ne. Na ce duk gidan haka muke, ni ne dai aka yi wa ƙwange.

Laraba, Alƙahira zuwa Manchester

Mun kwana a Alƙahira, da safe muka hau wani jirgin, awa biyar da ɗoriya. An ba ni kujera a bakin taga daidai kan fiffike. Na duba shi tun daga gindi har ƙarshe, babu hancin komai. Na so in tambayi ma'aikaciyar jirgin, sai na tuna gargaɗin Ummi. Ta kira ni sau uku kafin in taso: "Baba, don girman Allah, daga Kano har ka fito waje, kalmar gun, wato bindiga, kada ta fito daga bakinka. Ko da wasa. Musamman da wasa."

Ta kuma koya mini Turanci guda uku na wurin shiga ƙasa: visiting my daughter, three weeks, thank you. Jami'ar ta yi tambaya huɗu. Ta huɗun na sake ba ta thank you. Ta dube ni, ta dubi hoton fasfo, ta ga duk mu biyun ba mu da wata dabara, ta buga hatimi.

Ƙarfe biyu da kwata surukina Injiniya Mansur ya ɗauke ni a mota zuwa Levenshulme. Gidajen unguwar a manne suke da juna, duk jan bulo, duk ƙofa iri ɗaya. Na tambayi yadda mutum ke gane gidansa, ya ce da lamba. Na ce a Kano da ƙamshin miya ake ganewa. Jaririn lafiyayye, ya kama mini yatsa ya ƙi saki. Ummi ta yi tuwon shinkafa da kukar da na kawo. Bayan la'asar na fito da battar.

"Baba, wannan fa?"

Na faɗa mata. Ta dafe goshi.

"Maternity leave nake, Baba, ba barci nake samu ba. Yanzu kuma cannon zan nemo maka?"

"Ba ke za ki nemo ba, Likita. Ki nuna mini tasha kawai."

Asabar, cikin Manchester

Ƙarfe goma muka fita da Mansur, muka hau bas mai bene a Stockport Road. Ba kwandasta, ba ɗan kamasho, ba mai kiran gari. Kowa ya dangwala kati ya zauna. Na ga ƙarshen sana'ata da idona, na yi mata addu'a. Mun ratsa ta Oxford Road ya nuna mini asibitin da Ummi ke aiki, ga kuma bas-bas a jere kamar ana rabon su kyauta.

Mansur ya ce ya san wani gidan tarihi na injina inda ya taɓa ganin tsofaffin jirage lokacin yana jami'a. Muka isa ƙarfe goma sha ɗaya saura. Zauren jiragen a rufe. Wata mata mai kati a wuya ta ce an daɗe da kwashe su, an rarraba su wasu garuruwa. Ta ba mu haƙuri sau huɗu. Ban taɓa ganin mutanen da ke hana ka abu da ladabi irin waɗannan ba, har ka ji kamar kai ne ka yi musu laifi. Muka kalli injinan saƙa tunda an riga an zo.

A hanyar dawowa ya saya mini kifi da soyayyen dankali. Abincin ba laifi, amma an manta ba a gaya masa ɗanɗano ba. Ina da yaji a ƙulle a aljihun hagu, na taimaka masa.

Da yamma Ummi ta ce, "Baba, Birmingham za ka. Can aka ƙera jiragen da yawa. Kuma Yaya Tijjani na can."

Tijjani ɗan Yaya Asabe ne, malamin jami'a a gida, ya haura arba'in, gwamnati ta turo shi ƙarin karatu. Wato ko a Ingila Yaya ta ajiye mini mai shaida.

Litinin, Manchester zuwa Birmingham

Ƙarfe tara da minti uku jirgin ƙasa ya tashi daga Piccadilly. Ba tara ba, ba tara da biyar ba. Na tsaya da agogo a hannu don in kama su, ban samu ba. Mansur ya sa ni a kujera, ya rubuta sunan tashar sauka a takarda ya cusa mini a hula. Tafiyar mil tamanin da wani abu ce, awa ɗaya da rabi. Ba shingen bincike ko ɗaya. Gonaki kore, tumaki masu ƙiba ba makiyayi. Mai duba tikiti ya zo, na ba shi tikiti da thank you, ya mayar mini da duka biyun.

Tijjani na jira a New Street cikin wata rigar sanyi kamar katifa.

"Kawu! Sannu da hanya. Ya sanyi?"

"Sanyi na nan inda ka bar shi, Furofesa. An gama karatun ko sai furfura ta gama fitowa?"

"Saura kaɗan, Kawu. Supervisor ne ke ta corrections."

Muka hau ƙaramin jirgi, minti goma, zuwa Selly Oak. Gidan da yake su biyar ne, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. A firij kowa ya rubuta sunansa a kan madararsa. Ya ba ni gado, shi ya shimfiɗa a ƙasa. Ya dafa taliya da ƙwai, irin girkin mutumin da matarsa ke Kano.

"Inna ta kira ni," ya ce. "Ta ce in raka ka, in zuba ido, kuma kada in gaya mata komai. Daga bakinka take so ta ji."

"Ba ta yarda da ni ba ke nan."

Ya ci gaba da cin taliya. Yaron akwai tarbiyya.

Talata, cikin gari

Ƙarfe goma da rabi muka shiga babban gidan tarihin kimiyya. Yara 'yan makaranta ko'ina, suna ihu da Turancin da ko Tijjani sai ya karkata kunne. Muka hau bene, ya ce, "Kawu, ɗaga kai."

Jirage biyu na yaƙi, a rataye a rufi da wayoyin ƙarfe, kamar naman da ake ɓoye wa kyanwa. Na tsaya a ƙasa da igiyata. Ɗaya daga cikinsu ga wasu hanci nan sun leƙo daga gaban fiffike. Shekara hamsin da biyar ina ba da labarin nan don a yi dariya, ban taɓa kawowa a raina cewa fiffike na da hanci ba.

"Furofesa, tambayo mana tsani."

"Kawu, ba a yin haka a nan."

"Tambaya dai. Ce masa minti biyu, kuma ni zan riƙe wa kaina."

Ya tambayi wani ma'aikaci mai gemu. Mutumin bai yi dariya ba, ya yi dogon bayani. Tijjani ya ce, "Ya ce a'a." Na ce duk wannan maganar a'a ce kawai? Ya ce sauran health and safety ne, wato dokar kiyaye haɗari. Amma da mai gemun ya ga igiyar, ya ji labarin, sai ya ciro biro ya rubuta wani abu a bayan tikitinmu. Wai akwai wasu tsofaffi a bayan gari da ke taruwa ranar Laraba a wani sito suna gyaran tarkacen jiragen yaƙi don sha'awa. Ya ce su a ƙasa suke ajiye nasu.

Laraba, siton tsofaffi

Mun fita ƙarfe takwas da rabi. Bas biyu, sannan tafiyar ƙafa ta minti ashirin cikin yayyafi, a gefen wani fili. Siton na kwano ne, irin garejinmu, har warin baƙin mai iri ɗaya. Tsofaffi huɗu, kowa da kofin shayi. Majalisa ce sak, bambancin kawai su ba sa gulma da ƙarfi.

Babbansu wani ne Derek, ya haura tamanin, kunne ɗaya da na'ura. Ya ce kafin komai sai an sha shayi. Na sha. Tijjani ya ba shi labarin Baba tun daga farko, na lura ya tsallake wurin ɗinki a iska. Na ce ya koma ya faɗa. Ya faɗa. Derek ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon Yaya, ashe ba sai da Hausa ake yin sa ba.

Ya kai mu ƙarshen siton. A kan benci ga igwa guda an ciro ta, a kwance, baƙa, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ya ce in ɗaga. Na gwada, na ce ai na ga nauyinta da ido, ya isa. Ya ce an toshe ta tuntuni, ko tari ba za ta iya ba. Ya ɗora mini harsashinta marar albarushi a tafin hannu, ya fi babban yatsana kauri. Tijjani na fassarawa: milimita ashirin ne faɗinsa, kuma ba huda kawai yake yi ba, idan ya shiga jikin jirgi fashewa yake. Da farko ƙananan bindigogi ake jerawa a fiffike, da aka fara sa wa jirage sulke sai suka zama kamar jifa da tsakuwa, shi ne aka koma wa wannan. Ƙarfin harbin farko shi ke tura ƙarfen baya ya jawo harsashi na biyu, haka har a saki maɓalli.

"Tambaye shi," na ce, "tana ƙin tashi?"

Derek ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan ai halinta ne. Datti ya shiga, ta ƙi. Sanyin sama ya daskarar da danshi a ciki, ta ƙi. Kuma idan ta hagu ta ƙi ta dama na harbi, jirgin karkacewa yake. Shi ya sa ake rufe mata baki kafin a tashi.

"To wa ke fita kan fiffike a sama ya cire murfin?"

Tijjani ya fassara. Derek ya ɗaga kafaɗa, ya yi magana gajeriya, ya haɗa da tafa hannu sau ɗaya.

"Kawu," in ji Tijjani a hankali, "ya ce ba a cirewa. Harsashin farko ke fasa shi ya wuce."

Na nemi wurin zama. Akwai wata tsohuwar taya, na zauna a kai. Derek ya ƙara da cewa shi dai na roba da na ƙyalle ya sani, bai taɓa ganin takardar da ta ce an yi na fata a Kano ba, kuma ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Amma ya ce a yaƙi, inda kaya ba su iso ba, abin da ke ƙasa da shi ake aiki.

Saura awo. A jikin bango akwai guntun fiffike a kan ƙafafun katako, hanci biyu sun fito daga gabansa, kowanne da sifirin na ƙarfe a naɗe wajen gindi. Na yi bisimilla, na warware igiyar. Tsofaffin nan huɗu suka ajiye kofuna suka matso.

Na zagaya bakin igwar. Ƙullin farko bai tsaya a inda ya kamata ba, ya wuce. Na sa yatsu: yatsa biyu. Na zagaya gindin, kan sifirin. Ƙulli na biyu ya wuce, yatsa biyu. Tijjani ya riƙe bakin igiya a bakin igwa, na ja ta har jikin fiffike. Ƙulli na uku ya hau kan fiffiken, yatsa biyu.

Na sake, na kuma sakewa. Na koma hanci na biyu. Na ja igiyar, na sassauta, na karanta abin da na iya. Ba ta canza ra'ayi ba.

Derek ya ce kada in damu, igwar iri-iri ce, wata ta fi wata tsawo, wataƙila ta Kano daban ce. Wani tsohon ya ce fata na miƙewa. Suka ba ni shayi na biyu, wanda na gane shi ne ta'aziyyarsu. Da za mu tafi Derek ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce mahaifiyarsa ma a masana'antar jirage ta yi aiki lokacin yaƙin, kuma shi ma bai saurare ta ba sai da ta mutu. Na ce Tijjani ya gaya masa ashe 'yan iska ba ƙasarsu ɗaya ba. Ban san me ya fassara ba, amma mutumin ya gyaɗa kai.

A tashar bas Tijjani ya ce, "Kawu, yatsa biyu ne fa kawai."

"Na gani."

"Inna ba ta da lafiya. GP ɗin, wato likitan da na nuna wa results ɗinta, bai ji daɗinsu ba. Ka ce mata daidai ya yi, cif. Ni ba zan ce komai ba. Ai sauran duk gaskiya ne."

Ku da kuka san ni kun san wannan ba aiki ba ne a wurina. Na taɓa cika mota da fasinjan Jos alhali Bauchi za ta. Na ce masa zan duba.

Sauran kwanaki, Manchester

Na koma Levenshulme ranar Alhamis, jirgin ƙarfe goma sha ɗaya. Kwana goma sha biyu na ƙara. Na yi renon jariri, na koyi raba shara gida uku, na yi Juma'a biyu a wani masallaci da ke Stockport Road inda aka yi huɗuba da harsuna biyu ban ji ko ɗaya ba. Kullum bayan azahar sai in fito da igiyar in duba. Har na gano cewa idan na kwance ƙullin nan uku na matsar da su baya kaɗan, ba mahalukin da zai gane. Na sa farce a ƙullin farko. Ya yi tauri kamar ƙashi. Hannun Baba ne ya ɗaure shi, yana saurayi, kafin a haifi Yaya, kafin a san za a yi ni. Na mayar da ita cikin batta.

Ummi ta ce, "Baba, ka yi shiru kwanan nan. In yi maka booking wurin GP?"

Na ce sanyi ne.

Laraba, gida

Mun sauka Kano ƙarfe goma sha biyu saura kwata na rana. Ban je gida ba, na ce mai Adaidaita ya wuce da ni da jakunkuna gidan Yaya. Tun daga Alƙahira nake haddace jimlar: daidai ya yi, Yaya, cif. Na faɗa wa madubin banɗakin jirgi sau uku, ya yarda.

Tana kwance a kan gado, ta rame fiye da yadda na bar ta. Aka tayar da ita aka jingina da filo. Na gaishe ta, ta amsa rabinta.

"Ka auna?"

"Na auna. Igwar na nan, Yaya, a cikin fiffike, biyu da biyu. Ita ke ɗura wa kanta. Kuma ba a cire kuben, ta cikinsa ake harbi. Bature ya faɗa da bakinsa, Tijjani na wurin."

"Ba Bature na aike ka wurinsa ba. Igiyar."

Na buɗe baki jimlar nan ta fito, sai na ga battar a hannuna. Shekara hamsin da biyar na mayar da mutumin nan maƙaryaci, yanzu kuma da ƙarya zan wanke shi. Har yau ban san abin da ya hau kaina ba.

"Ba ta yi daidai ba," na ce. "Ta wuce."

"Da nawa?"

"Yatsa biyu."

"Wanne ƙullin?"

"Duka ukun. Na auna sau uku. Ki yi haƙuri, Yaya."

Sai kafaɗunta suka fara rawa, na zaci numfashin ne, na miƙe zan kira mutane. Ashe dariya ce. Rabon da in ji dariyar Yaya tun ina da gashi.

"Zauna, sakarai. Sati nawa ka yi kana koyon dukanci wurin Baba?"

"Uku."

"Me ya sa ya kore ka?"

"Ba korata ya yi ba, ni na..."

"Fatar akuya guda ka yanka kuben wuƙa takwas, ko ɗaya wuƙa ba ta shiga ba. Ka auna daidai jikin wuƙa ka yanke. Me yake ce maka kullum?"

Na tuna. Har muryar na ji. Bar wa basilla hanya, Ɗanlami.

"Yatsa ɗaya nan, yatsa ɗaya can, na ɗinki," in ji ta. "Na tsawon kuma na ƙubaka ne, inda zariya za ta bi a tsuke. Baba bai taɓa ƙulla awo ba tare da ya ƙara yatsa biyu ba. Shekara nawa ina riƙe masa bakin igiya." Ta share ido da gefen mayafi. "Da ka shigo nan ka ce mini daidai ta yi, da na san ko dai ba ka je ba, ko kuwa Baba ne bai taɓa ganin igwar ba. Matso."

Na matsa, na zaci addu'a za ta yi mini. Ta kama kunnena na dama ta murɗe, a gaban jikokinta, ina da fasfo mai hatimin Ingila a aljihu. Da yatsa biyu ta yi aikin. Sannan ta ce, "Sannu da hanya, Ɗanlami. Ya ka baro su Ummi? Ya jaririn? Ya gajiya?" Ta jero gaisuwar nan duka, har da bashin rabin da ban ji ba tun ranar jana'iza.

Washegari da safe na je maƙabarta. Abin da na faɗa a can ba na majalisa ba ne.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma sa na tarar da Yaya da sauran ƙarfi a hannu. Na gode wa Likita da Injiniya, da Furofesa wanda ya kwana uku a ƙasa, ya kuma ba ni shawarar banza da zuciya ɗaya. Na gode wa mai gemun da ya hana ni tsani, da Derek da mutanensa, Allah ya ba su abin da ya fi shayi. Ku kuma 'yan majalisa, har yanzu kuna iya kiran gidanmu gidan Mai Kuben Sama, ban hana ba. Amma duk wanda zai faɗa ya gyara zama tukuna. Wanda kuma bai yarda da labarin nan ba, igiyar na wurin Yaya. Ya je da kansa, ya tafi da kunnensa.